Daga Zaɓen Sana'a Zuwa Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Tarihin Aikin Ba Ɗalibai Shawara a Amurka

Aikin ba ɗalibai shawara, a matsayin sana'a mai horo da albashi da ofis a cikin makaranta, a Amurka ya samo asali, a farkon ƙarni na 20. Tun da aka fara karatu a duniya malamai ke yi wa almajiransu nasiha, amma a ware mutum guda a ce aikinsa shi ne ya zauna da yaro su tattauna makomarsa da abin da ke damunsa, wannan yanayin biranen Amurka na wancan zamani ne ya haifar da shi. Masana'antu sun janye mutane daga karkara, baƙi daga Italiya da Gabashin Turai suna ta kwararowa ta tashoshin jiragen ruwan Niyok da Boston, yara kuma suna barin aji tun suna shekara 14 su faɗa duk aikin da suka fara cin karo da shi. Ƙidayar jama'a ta 1900 ta nuna kusan kashi 18 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 zuwa 15 suna aikin neman kuɗi. Ɗan manomi ya san abin da zai gada. Ɗan baƙon da ya tashi a unguwar talakawa ta babban birni kuwa ba shi da wanda zai tambaya, domin mahaifinsa ma bai san kan ayyukan garin ba.

Mutanen farko

Jesse B. Davis na cikin waɗanda suka fara ɗaukar lamarin da muhimmanci. Daga 1898 yana ba ɗaliban wata babbar sakandare ta birnin Detroit shawara kan karatu da sana'a, da ya zama shugaban makaranta a Grand Rapids ta jihar Mishigan a 1907 sai ya ware darasi guda a mako daga cikin darussan Ingilishi, ɗalibai su yi rubutu a kan halinsu da burinsu da sana'ar da suke so. A wurinsa zaɓen sana'a da gyaran hali tafiyarsu ɗaya.

Amma Frank Parsons ne ake yi wa kallon uban sana'ar, kuma rayuwarsa ta bayyana dalilin da ya sa abin ya dame shi. Injiniya ne da ya fito daga Jami'ar Cornell, ya kama aiki a kamfanin jirgin ƙasa, karayar tattalin arzikin 1873 ta raba shi da aikin, ya koma leburanci a masana'antar ƙarfe, daga nan koyarwa, daga nan lauyanci, har ya koyar da shari'a a Jami'ar Boston. Ya ɗanɗani yawon neman abin da ya dace da mutum. A watan Janairun 1908, da tallafin wata attajira mai taimakon jama'a, Pauline Agassiz Shaw, ya buɗe Ofishin Zaɓen Sana'a a wani gidan hidimar baƙi da ke unguwar North End a Boston. Watanni kaɗan ya yi yana aikin, ya rasu a Satumban shekarar. Littafinsa, Choosing a Vocation, ya fito a 1909 bayan ba ya raye.

Tsarin da ya bari mai sauƙi ne, shi ya sa ya daɗe. Matashi ya fara sanin kansa, wato baiwarsa da sha'awarsa da iyakarsa. Sannan ya san sana'o'i: abin da kowace take bukata, abin da take biya, da haɗarinta. Daga ƙarshe ya yi tunani na gaskiya kan yadda waɗannan biyu suka haɗu. Abin da ya fi daraja a tsarin shi ne Parsons ya nace cewa matashin ne zai yanke hukunci, mai ba da shawara taimaka masa kawai yake yi ya ga hanya. Wannan sharaɗi ne sana'ar ta sha mantawa da shi a shekarun da suka biyo baya.

Hukumar makarantun Boston ta karɓi ra'ayin da wuri, ta naɗa malamai sama da ɗari a matsayin masu ba da shawarar sana'a. Sai dai ba a rage musu darasi ba, ba a ƙara musu albashi ba, kawai an miƙa musu jerin ayyuka a kan wanda suke yi. Magajin Parsons, Meyer Bloomfield, ya koyar da kwas na farko kan wannan fanni a Jami'ar Harvard a 1911, kuma a 1913 aka kafa ƙungiyar ƙasa ta masu jagorancin sana'a a Grand Rapids. Tun daga wannan fari aka dasa matsalar da ke bin aikin har yau: muƙami ne da kowa ya yarda yana da amfani, amma babu wanda ya fayyace iyakarsa, don haka duk aikin da ya rasa mai yi a makaranta sai a kai shi ofishin mai ba da shawara.

Zamanin awo

Parsons ya so matashi ya san kansa, amma kayan aikinsa tambayoyi ne da lura. Ilimin halayyar ɗan Adam ne ya kawo ma'auni. A Faransa, Alfred Binet da Théodore Simon sun fitar da gwajin basira a 1905 don gano yaran da ke bukatar taimako na musamman a aji. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya sake fasalinsa a 1916, kuma da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, kwamitin da Robert Yerkes ya jagoranta ya shirya gwajin da ake yi wa taron mutane lokaci guda, iri ɗaya na masu karatu, iri ɗaya na waɗanda ba su iya karatu ko Ingilishi ba. An gwada sojoji kimanin miliyan 1.7. Ana gama yaƙi gwaje-gwajen suka mamaye makarantu, a 1927 kuma Edward Strong ya fitar da takardar auna sha'awar sana'a.

Awon ya ba sana'ar kwarjinin kimiyya, ya kuma jawo mata abin kunya. An ɗauki sakamakon sojoji, wanda yawancinsa ke nuna bambancin shekarun makaranta da sanin harshe, aka mai da shi hujjar cewa baƙaƙen fata da baƙi daga Kudanci da Gabashin Turai ƙarancin basira gare su tun daga haihuwa. Carl Brigham, wanda ya rubuta littafi a kan haka a 1923, ya fito fili a 1930 ya janye maganarsa, amma kafin nan makarantu sun riga sun saba da raba yara gida-gida bisa maki, kuma sau da yawa mai ba da shawara ne ke riƙe da takardar rabon.

A Jami'ar Minesota, inda aka yi bincike mai yawa kan marasa aikin yi a lokacin karayar arzikin shekarun 1930, E. G. Williamson ya tsara wannan hanya ta zama tsari guda. Littafinsa na 1939 ya ɗauki mai ba da shawara a matsayin gwani: ya tattara bayanai, ya gano matsala, ya hango inda za ta kai, ya ba da shawara, ya bibiya. Ana yawan zana Williamson a matsayin mai tilasta wa ɗalibi, wanda hakan rashin adalci ne a gare shi, domin mutum ne mai kula da ɗalibansa ƙwarai. Duk da haka a tsarinsa ilimi na wurin gwani, ɗalibi mai karɓa ne.

Ɗaya tushen: kula da ƙwaƙwalwa

A daidai lokacin da Parsons ke Boston, wani yunƙurin daban ya taso. Tun 1896 Lightner Witmer ya buɗe asibitin halayyar ɗan Adam na farko a Jami'ar Pennsylvania, bayan wata malama ta kawo masa yaron da ya kasa haɗa baƙaƙe. A 1908 Clifford Beers, wanda ya yi digiri a Yale sannan ya shafe shekara uku a gidajen masu taɓin hankali na jihar Connecticut, ya wallafa labarin duka da ɗauri da wulaƙancin da ya gani da idonsa. Manyan masana irin su William James da Adolf Meyer suka mara masa baya, aka kafa kwamitin ƙasa na kare lafiyar ƙwaƙwalwa a 1909. A shekarar ne kuma likita William Healy ya buɗe cibiyar duba yaran da ake gurfanarwa a kotun ƙananan yara ta Shikago. Daga 1922 gidauniyar Commonwealth ta ɗauki nauyin asibitocin gyaran tarbiyyar yara a birane da dama, inda likitan ƙwaƙwalwa da masanin halayya da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ke aiki tare. Taken wannan tafiya shi ne rigakafi ya fi magani, kuma wurin rigakafi shi ne ƙuruciya.

Wanda ya haɗa wannan tushe da aikin ba da shawara shi ne Carl Rogers. Ya yi kusan shekara 12 yana aiki da yara masu matsala a birnin Rochester, a hukumar kare yara daga cin zarafi, inda ya lura cewa sau da yawa bayanin gwani daidai ne amma ba ya canja komai, alhali idan aka saurari uwa ko yaro da gaske su kan kai kansu inda ciwon yake. A Disambar 1940 ya gabatar da wannan ra'ayi a Jami'ar Minesota, inda Williamson yake, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Littafinsa na 1942, Counseling and Psychotherapy, ya juya akalar fannin. Mai neman taimako ya fi kowa sanin abin da ke cin ransa, in ji Rogers, aikin mai ba da shawara shi ne ya samar da dangantakar da mutum zai iya duban kansa ba tare da tsoro ba. A wata maƙala ta 1957 ya ambaci halayen da ake bukata daga mai taimakon: ya kasance ba ya fuska biyu, ya karɓi mutum ba da sharaɗi ba, ya kuma fahimci abin kamar yadda mai shi ke jin sa.

Gudummawar Rogers ga bincike ba ta gaza ta ra'ayinsa ba, wataƙila ma ta fi. Kafin shi, abin da ke faruwa a ɗakin shawara sirri ne, sai abin da gwani ya ga damar rubutawa daga baya, kuma mutum ba ya cika tuna kurakuransa. A Jami'ar Jihar Ohayo, Rogers da ɗalibansa suka fara ɗaukar zaman a faifan garmaho da izinin masu shi, faifan da ke cika cikin 'yan mintoci sai an canja, suka rubuta kowace kalma, suka zauna suna duba wace amsa ce ta buɗe magana, wacce ta toshe ta. Littafin 1942 ya ƙunshi cikakken rubutun zama takwas da mutum guda, an sakaya sunansa. Daga nan ne horo ya samu abin kamawa. A shekarun 1960 Charles Truax da Robert Carkhuff suka tsara ma'aunan auna waɗannan halaye, Norman Kagan ya riƙa mayar wa ɗalibi hoton bidiyon zamansa yana tambayarsa abin da ke ransa a kowace gaɓa, Allen Ivey kuma ya rarraba sauraro zuwa ƙananan dabaru da ake koya ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin wannan fanni da ke zaune yau da malaminsa suna kallon bidiyon aikinsa, gadon wancan garmaho yake ci.

Sputnik da kuɗin gwamnati

A 1952 ƙungiyoyi huɗu suka haɗe suka kafa babbar ƙungiyar ƙasa ta wannan fanni, wadda ta ɗauki sunan ACA a 1992. Ƙungiyar masu ba da shawara a makarantu, ASCA, ta shiga cikinta a 1953. Amma abin da ya cika makarantu da ma'aikata daga sararin samaniya ya zo. Ranar 4 ga Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, hankalin Amurkawa ya tashi cewa an wuce su a kimiyya. A Satumban 1958 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a Dokar Ilimi don Tsaron Ƙasa, wadda sashenta na 5 ya ba jihohi kuɗin gwaji da jagoranci, ya kuma biya jami'o'i su horar da malaman sakandare su zama masu ba da shawara. Manufar a fili take: a gano yara masu hazaƙa a tura su kimiyya da lissafi. James Conant, tsohon shugaban Harvard, ya ba da shawara a rahotonsa na 1959 cewa a samu ma'aikaci guda ga ɗalibai 250 zuwa 300. Cikin 'yan shekaru yawan ma'aikatan ya ninka fiye da sau biyu, a 1964 kuma aka faɗaɗa dokar ta haɗa da firamare.

Nan aka samu karo. Gwamnati ta biya ne don a tace mata masu hazaƙa, jami'o'in da suka karɓi kuɗin kuwa Rogers suke koyarwa, shugabannin makarantu su kuma abin da suke so shi ne mai shirya jadawalin darussa da cike takardu. Ma'aikaci ya fito da horon sauraro, ya tarar da tarin fayil. Masu suka ba su yi shiru ba. Binciken Aaron Cicourel da John Kitsuse na 1963 a wata babbar sakandare ya nuna hukuncin ma'aikatan makaranta kan wanda ya dace da jami'a ba maki kaɗai yake bi ba, yana bin gidan da yaro ya fito. A 1967 wata kotun tarayya ta soke tsarin raba ɗalibai gida-gida a makarantun birnin Washington saboda yana danne baƙaƙen fata da talakawa. Takardar Strong ma kala biyu ce, ruwan hoda ta mata, shuɗiya ta maza, kowacce da nata jerin sana'o'i, sai a 1974 aka haɗe su, bayan dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a ilimi. Daga cikin gida, Gilbert Wrenn ya yi gargaɗi tun 1962 game da ma'aikacin da ya ƙulle kansa cikin al'adarsa yana auna kowa da ita, gargaɗin da Derald Wing Sue da abokan aikinsa suka mayar jerin ƙwarewar da ake koyarwa a 1982 da 1992.

A wannan zamani ne aikin ya ƙetara teku. A Ingila, jami'o'in Keele da Reading sun buɗe kwasa-kwasansa a 1965 da taimakon malamai Amurkawa. A Nijeriya ana danganta farkonsa da 1959, lokacin da sistocin Katolika na Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin ayyuka. An kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa a 1976, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 kuma ta tanadi a samar da su a makarantun gaba da firamare.

Lasisi da tsarin horo

Jihar Bajiniya ce ta fara ba masu ba da shawara lasisi a 1976, Kalifoniya ta zama ta ƙarshe a 2009, tafiyar shekara 33. A 1981 aka kafa hukumar tantance kwasa-kwasan horo, CACREP, a 1982 kuma hukumar jarrabawar ƙasa. Ƙa'idar da ake bi yanzu a kwasa-kwasan da aka tantance ita ce digiri na biyu, da awa 100 na gwajin aiki na farko, da awa 600 na aiki a ƙarƙashin kulawar gogagge. Masu aiki a makaranta takardar shaidarsu daga ma'aikatar ilimin jiha take fitowa, kuma yawancin jihohi sun daina sharaɗin sai mutum ya taɓa koyarwa.

Matsalar rashin iyaka kuwa, Norman Gysbers na Jami'ar Misuri ne ya fi kowa fama da ita daga shekarun 1970. Hujjarsa ita ce muddin aikin muƙami ne kawai, kowa zai ɗora masa kaya. Sai a mai da shi shiri mai manhaja kamar lissafi ko tarihi, da darussan aji ga kowane yaro, da tsara makoma da ɗalibi ɗaya ɗaya, da agajin gaggawa ga mai matsala, a kuma lissafa lokacin da kowanne ke ci. A kan wannan ASCA ta gina tsarinta na ƙasa a 2003, inda take neman kashi 80 cikin ɗari na lokacin ma'aikaci ya tafi ga hidimar ɗalibai, da ma'aikaci guda ga ɗalibai 250.

Abin da bincike ya nuna

Tambayar ko aikin yana da amfani ta daɗe ana kauce mata, domin ga mai yin sa amsar kamar a bayyane take. Wani bincike daga jihar Massachusetts ya nuna haɗarin wannan zato. A ƙarshen shekarun 1930 likita Richard Cabot ya shirya wani aiki a garuruwan Cambridge da Somerville don hana yara maza faɗawa aikata laifi. Aka haɗa yaran biyu-biyu masu kama da juna, aka jefa kwabo sama: ɗaya ya samu mai ba da shawara da ke ziyartar gidansu wajen sau biyu a wata, da ƙarin darasi da duba lafiya da zuwa sansanin hutu, ɗayan ba a yi masa komai ba. An yi kusan shekara biyar ana haka. Bayan shekara 30 Joan McCord ta bi sawun mutum 506, ta wallafa sakamakon a 1978. Waɗanda aka taimaka ba su fi 'yan uwansu ba, ta wasu fuskoki ma sun fi su shan wahala: maimaita laifi, shaye-shaye, taɓin hankali, mutuwa da wuri. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka amsa tambayoyi sun ce shirin ya amfane su, suna tuna masu ba su shawara da alheri. Ɗaya daga bayanan da aka kawo daga baya shi ne tara yara masu matsala wuri guda, kamar a sansanin hutu, yana sa su koya wa juna. Darasin da fannin ya ɗauka yana da ɗaci: kyakkyawar niyya da godiyar wanda aka taimaka ba su isa hujja ba, sai an kwatanta da rukunin da ba a taɓa ba.

A ɓangaren manya, Hans Eysenck ya yi iƙirari a 1952 cewa kusan kashi biyu cikin uku na masu damuwa suna warwarewa cikin shekara biyu ko an yi musu maganin tattaunawa ko ba a yi ba. Amsa mai ƙarfi ta zo a 1977, da Mary Lee Smith da Gene Glass suka tattara bincike 375 suka auna su tare da wata sabuwar dabarar lissafi, suka samu cewa matsakaicin wanda aka yi wa magani ya fi kashi 75 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi.

Binciken makarantu ya zo a makare kuma ya fi rauni. A 1997 Richard Lapan da Gysbers da Yongmin Sun suka duba ɗalibai 22,964 a sakandare 236 na Misuri, suka ga inda aka fi aiwatar da cikakken shiri ɗalibai sun fi ba da rahoton maki mai kyau da jin daɗin makaranta. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, sai dai makarantar da ta iya tsara shirin shawara mai kyau wataƙila ta iya tsara komai nata da kyau, don haka ba a san wanne ya jawo wanne ba. Masana tattalin arziki ne suka samo hanyar kewaye wannan. Scott Carrell da Mark Hoekstra sun yi amfani da yadda ake tura ɗaliban jami'a masu gwajin aiki zuwa makarantun firamare na wata gunduma a Filorida, wata shekara a samu wata a rasa, suka nuna a 2014 cewa ƙarin ma'aikaci yana rage rashin ɗa'a, yana kuma ɗan ɗaga makin yara maza. Christine Mulhern ta lura cewa sakandare da yawa a Massachusetts suna raba ɗalibai ga ma'aikata bisa harafin farko na sunan iyali, wanda kusan ƙuri'a ce, ta nuna a 2023 cewa faɗawa hannun ma'aikaci nagari yana ƙara yiwuwar gama sakandare da shiga jami'a, kuma 'ya'yan talakawa da masu rauni a karatu ne suka fi cin moriyar. Tasirin ba mai girma ba ne, amma na gaske ne, kuma ya fi yawa inda babu wani babba a gida da ya san hanyar.

Makaranta a matsayin asibiti

Wani dogon bincike da aka fara a farkon shekarun 1990 a yammacin jihar North Carolina ya gano cewa cikin yaran da suka samu wani taimako kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari a makaranta suka same shi, da yawansu kuma ba su samu a ko'ina ba sai nan. A 1991 babbar kotun jihar Maryland ta yanke cewa ma'aikacin da ya ji labarin ɗalibi na barazanar kashe kansa wajibi ne ya ɗauki matakin da ya dace, ciki har da sanar da iyaye, wanda ya sa wa alƙawarin riƙe sirri iyaka. A 1995 gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin cibiyoyi biyu na lafiyar ƙwaƙwalwa a makarantu, a Jami'ar Maryland da Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles. Harbin da aka yi a sakandaren Columbine a 1999 ya ƙara wa ofishin nauyin gano yaron da ke shirin ɓarna.

Shirye-shiryen da ake koya wa aji gaba ɗaya sun ba da sakamako gauraye. Joseph Durlak da abokan aikinsa sun tattara shiri 213 na koyar da sarrafa fushi da zama da mutane, da suka shafi yara sama da 270,000, suka ruwaito a 2011 cewa ɗabi'a ta gyaru, a karatu kuma yaron da ke tsakiyar jerin mutum ɗari ya matsa gaba da wajen mutum 11. A Turai, wani gwaji a ƙasashe 10 da ɗalibai kimanin 11,000, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna wani gajeren shiri na tattaunawa da wasan kwaikwayo ya rage yunƙurin kashe kai da kusan rabi bayan shekara guda. A ɗaya gefen, shirin DARE da 'yan sandan Los Angeles suka fara a 1983 don hana shan ƙwaya ya bazu a yawancin gundumomin Amurka kafin bincike ya nuna tsohon tsarinsa bai hana komai na a zo a gani ba. A Birtaniya, babban gwajin MYRIAD a makarantu 84 da yara sama da 8,000 ya gano a 2022 cewa darussan natsuwa da lura da numfashi ba su fi darussan da aka saba ba, da alamar ma ba su dace da yaran da tuni ke cikin damuwa ba.

Annobar korona ta sake jawo hankalin gwamnati. A Oktoban 2021 ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka suka ayyana lafiyar ƙwaƙwalwar yara a matsayin lamarin gaggawa na ƙasa. Bayan harbin makarantar firamare ta Uvalde a Texas a Mayun 2022, majalisa ta zartar da dokar da ta ware dala biliyan 1 don horarwa da ɗaukar ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a makarantu. Alƙaluman ASCA sun nuna matsakaicin ƙasa ya sauko daga ɗalibai 491 ga ma'aikaci guda a zangon 2013 zuwa 2014, ya koma 385 a zangon 2022 zuwa 2023. Tsakanin jihohi tazarar tana da faɗi: a zangon 2022 zuwa 2023, a Vermont adadin bai kai 200 ba, a Arizona ya haura 600.